Tafiyar Yini Guda Daga Zangon Agege

Duk shekara in Babbar Salla ta ƙarato, tashoshin mota na Agege su kan cika maƙil da 'yan'uwanmu masu haramar tafiya gida. Wani ya ɗauro buhun burodi da kwakwa, wani atamfofin tsaraba, wani kuwa jakarsa ce kurum a kafaɗa. Za su kwana su yini bisa hanya kafin su sauka Kano ko Sakkwato ko Katsina, su yi mako biyu ko uku, sa'an nan su juyo. Wannan abin yabo ne, gama zumunci a ƙafa ya ke. To, amma in ka tsai da ɗaya daga cikinsu, wanda ya shekara ashirin yana cin abinci a Ikko, ka tambaye shi ina da ina ya sani a ƙasar, da ƙyar zai lissafa maka abin da ya wuce wuri uku: ɗakin da ya ke kwana, da rumfar da ya ke nema, sai tashar da ya ke shiga motar Arewa. Akwai magidancin da ya haifi 'ya'ya biyar a Zangon Agege, ba ko ɗayansu da ya taɓa ɗora ido a kan teku, alhali kuwa tsakaninsu da ita bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu shi ne, tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 1923 da ɗari, watau 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har mai iyali ba ya iya kwasar gidansa duka zuwa Arewa kowace shekara kamar dā. Sai hutun Salla ya zo ya wuce, uwargida da yara suna ƙunshe cikin ɗaki guda, babu inda aka leƙa. Ga shi kuwa kewaye da su akwai wuraren da mutum zai tashi da asuba ya je, ya dawo ya kwana a gadonsa. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuma, yawancin wuraren nan suna ɗauke da labarin Bahaushe kansa, labarin da 'ya'yanmu haifaffun Kurmi ba su ji a makaranta, ba su kuma ji a bakin iyayensu.

Mun san hujjojin da a ke kawowa. Na farko a ce neman abinci ya kawo mu, ba kallo ba. Na biyu kuwa tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne: wanda ya ga rikicin Shagamu na 1999, ko na Idi-Araba cikin watan Fabrairu na 2002, ko na kasuwar Mile 12 cikin 2016, ba za a zarge shi ba in ya fi son zama inda ya ke jin Hausa dama da hagun. Sai dai a ganina wannan zaman na takura shi ke ƙara mai da mu baƙi. Mutumin da bai san garin da ya ke zaune ba, in aka ce masa jiya ya zo, ba shi da abin da zai mayar.

AGEGE KANTA

Bari mu fara daga bakin ƙofa. Agege garin Yarbawa ne na ɓangaren Awori, amma goro da jirgin ƙasa su suka mai da ita abin da ta zama. A zamanin dā fataken Kano da Katsina zuwa Gwanja su ke yi da jakuna, cikin ƙasar Gana ta yanzu, su kwashe watanni kafin su komo da huhunan goro. Da Turawa suka soma shimfiɗa layin dogo daga Ikko cikin 1896, ya kai Badun cikin 1901, ya kuma haɗe da Kano cikin 1912, sai hanyar fatauci ta juya. Aka shiga ɗauko goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Arewa cikin 'yan kwanaki. Marigayi Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan hanya, kafin ya komo Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Ba a daɗe ba manoman Agege da Ota da Ifo da Shagamu suka soma dasa irin goron da Bahaushe ke so a gonakinsu, Hausawa kuma suka biyo shi har gindin itacensa, suka kafa zango kusa da tashar jirgi. Wasu Yarbawa ma su kan ce sunan garin ya fito ne daga kalmarsu ta "age igi", watau masu saran itace, wai don aikin da Hausawan farko suka riƙa yi a kurmin.

Yau gonakin nan sun zama gidaje da kwalta, amma tsohon zangon yana nan, da fadar Sarkin Hausawa, da dattawan da suka gāji sana'ar goro iyaye da kakanni. Yaron da aka ɗauka aka zaga da shi a ƙasa, aka nuna masa yadda a ke tsince goro, a yayyafa masa ruwa, a jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, aka gaya masa cewa ƙwarya guda goro ɗari ke nan, ya sami darasin da ba ya cikin littafin makarantarsa. A Agegen ne kuma Markaz ta ke, makarantar Larabci da addini wadda Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abekuta cikin 1952, ya dawo da ita nan bayan 'yan shekaru. Shehin ya rasu cikin 1992, ya bar littattafai da yawa cikin Larabci, har da na tarihin Musulunci a Nijeriya da na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗalibanta sun bazu ko'ina cikin Afirka ta Yamma, amma akwai Hausawan da ke wucewa ta ƙofarta kullum ba su san abin da ke ciki ba.

Fita daga Agege kuwa yanzu ta yi sauƙi ƙwarai. Jirgin ƙasa na cikin gari wanda a ke kira Jan Layi, wanda aka buɗe cikin 2024, yana tashi daga Agbado ya tsaya a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ya ƙare a Oyingbo. Da katin Cowry a ke biya, shi ne kuma na manyan motocin gwamnatin jiha. Wanda ya sauka a ƙarshen layin yana daf da unguwar ma'aikatan reluwe ta Ebute Metta, inda wani tsohon gidan bene mai suna Jaekel House, ginin 1898, ya zama ɗan ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa, da hotuna da kayan aikin zamanin jirgin gawayi.

TSIBIRIN IKKO

Daga Oyingbo mota guda ce za ta tsallakar da kai gada ta sauke ka a tsibiri. Galibin mutanenmu in an ce Obalende, tsire da tashar mota su ke tunawa. Ga yadda Bahaushe ya zo wurin. Cikin 1863, shekara biyu bayan Ingila ta karɓe Ikko, wani hafsan jirgin ruwa mai suna Glover, wanda ya riƙe mulkin garin, ya tara waɗansu 'yan Arewa, yawancinsu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga wannan 'yar ƙungiya rundunar sojan Nijeriya ta ke lissafin asalinta har gobe, shi ya sa kuma Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Sun yi wa Turawa yaƙin Ashanti cikin 1873 zuwa 1874, da na Ijebu cikin 1892. Ba duka labarin ke da daɗin ji ba, gama rundunar da ta tsiro daga irin waɗannan dakaru ita ce ta fasa ganuwar Kano ta kuma ci Sakkwato cikin 1903. Tsofaffin sojan nan da iyalansu su a ke ba da labarin an tayar daga wajen Ikoyi aka tsugunar a Obalende, sunan da ke nufin "sarki ya koro ni nan". Ashe ke nan zaman Bahaushe a Ikko ya girmi haɗewar Nijeriya ta 1914 da fiye da shekara hamsin.

A nan kusa ne barikin Dodan ya ke, inda shugabannin soja suka mulki ƙasar nan daga 1966 har aka koma Abuja cikin watan Disamba na 1991. Wannan ba wurin shiga ba ne, daga nesa za a nuna wa yara. Wurin shiga shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe cikin 1957. Akwai kayan tagulla na Bini, da sassaƙe-sassaƙen Yarbawa da na Ibo, da mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin Jihar Kaduna, masu shekara fiye da dubu biyu. Amma abin da ke tsai da ɗan Arewa cik shi ne wata baƙar Marsandi da ke ajiye a wani ɗaki daban. Cikinta aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed da safiyar Jumma'a, ran 13 ga watan Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis, ba jiniya, ba jerin gwanon motoci. Kwana goma kafin nan ya yi shelar ƙara jihohi zuwa 19 da kuma mai da babban birni Abuja. Ramukan harsashi suna nan jikin motar. Yaranmu sun san fuskarsa a takardar naira 20, suna kuma jin ƙugin jiragen da ke tashi daga filin da ke ɗauke da sunansa a bayan gidansu, amma kaɗan ne aka kai su suka ga motar.

Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga nan zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, mai siffofin fararen dawaki a bisa ƙofarsa. Filin sukuwa ne a dā. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ran 1 ga watan Oktoba, 1960, Gimbiya Alexandra ta miƙa wa Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun mulkin kai. In azahar ta yi sai a gangara cikin gari. Babban Masallacin Ikko, wanda aka buɗe cikin 1988, yana kan titin Nnamdi Azikiwe, tsakiyar hada-hadar kasuwa. Wanda ya fi shi tarihi kuwa shi ne ɗan masallacin Shitta-Bey a titin Martins, wanda attajiri Muhammadu Shitta ya gina da kuɗinsa, maginan da suka komo daga Barazil suka yi masa fasali irin nasu. Ranar buɗe shi cikin 1894 Sarkin Musulmin Santambul, Abdulhamid na Biyu, ya aiko wakili, wani Baturen Ingila Musulmi mai suna Abdullahi Quilliam, ya naɗa wa mai ginin sarautar Bey. 

Game da teku kuwa, dattawa za su tuna da Bar Beach, inda a kan kai baƙo ya ga ruwan da ba shi da iyaka, inda kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a cikin shekarun 1970. Wannan wuri babu shi yanzu, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Sai a nausa wajen Lekki, inda galibin bakin ruwan ke hannun 'yan kasuwa masu karɓar kuɗin shiga, ko a hau kwalekwale mai inji zuwa Tarkwa Bay. Gargaɗi guda: tekun Ikko ba kogin Wudil ba ce, ba kuma tafkin Tiga ba. Igiyarta tana janye ƙafar babban mutum, balle yaro. A tsaya daga gaɓa.

DUTSEN ABEKUTA

Mai son fita daga hayaniyar Ikko ɗungum, ga jirgin Ikko zuwa Badun wanda ya soma aiki cikin 2021, yana kuma tsayawa a sabuwar tashar Agege. Cikin sa'a guda da 'yan mintoci ya kai Abekuta. Abin da Dala ya ke ga Kanawa, shi Dutsen Olumo ya ke ga Egbawa. Cikin kogunansa suka ɓuya wajen 1830, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka watsa ƙasar Yarbawa, sunan garin ma ma'anarsa "ƙarƙashin dutse". Tsawonsa mita 137, an yi masa matakala, daga ƙolinsa kuma ana hangen garin duka da kogin Ogun. Akwai wurin tsafi a jikinsa wanda masu shi ke kula da shi har yanzu. Kada wannan ya hana kowa zuwa, ai mu ma ba mu daina hawan Dala ba don Barbushe ya taɓa zama a kansa. A gindin dutsen ga kasuwar Itoku, inda mata ke sayar da adire, rinin shuni na ƙulli da na zāne. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai tsaya ya kwatanta hannu da hannu.

BADAGIRI

Amma in wuri guda kaɗai mutum zai iya zuwa a shekara, ni dai Badagiri zan ce ya je. Garin yana yamma da Ikko, daf da iyakar Jamhuriyar Benin, tsakanin ƙorama da teku, cikin itatuwan kwakwa. Yana cikin manyan tashoshin da aka riƙa lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka, kuma cikin waɗanda aka loda akwai Hausawa masu yawa. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa da Nufe da Borno a farkon ƙarni na 19 sun samar da kamammu, dillalai suka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu ta ƙasar Oyo har bakin ruwa. Baturen da ya saya yana da laifinsa, wanda ya kamo ya sayar shi ma yana da nasa, kuma ba daga wata duniya ya zo ba.

Waɗannan bayin Allah ba su ɓace ba tare da sun bar sawu ba. A jihar Bahiya ta ƙasar Barazil, Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawayen bayi na 1807, suka kuma tayar da na 1809 da na 1814. A babban boren Musulmi na watan Janairu, 1835, wanda ya faɗo cikin azumi, Yarbawa ne suka fi yawa amma da Hausawa a ciki, aka kuma sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Bayan wannan bore aka koro da dama zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, waɗansu kuma suka fanshi kansu suka komo. Daga cikin irin waɗannan masu komowa Ikko ta sami maginan da muka ambata a masallacin Shitta.

A bakin ƙoramar Badagiri akwai gidan Seriki Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi, ya komo ya zama babban dillalin bayi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu cikin 1919. Kalmar "Seriki" ɗin nan ba wata ba ce illa "Sarki" tamu da Yarbawa suka ara. Gidan yana da ɗakuna arba'in na tsare bayi, an bar waɗansu yadda su ke, ƙanana, masu 'yar taga guda can sama. Masu yi wa baƙi jagora su kan ce mutum arba'in a ke cusawa cikin kowane, su kuma nuna wata laima wadda suka ce da mutum arba'in aka musanya ta. Ga mari da sarƙoƙi da ƙarafan wuya, a kan bar baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Daga nan sai a shiga kwalekwale a ƙetare zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin rairayi, a wuce wata rijiya wadda a ke cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta da gida, har a isa inda ƙasa ta ƙare. Wurin nan shi a ke kira inda ba a komowa. Na tabbata duk wanda ya tsaya nan ya dubi ruwan, ya tuna cewa akwai mutumin Gobir ko na Zazzau da ya tsaya daidai wurin da mari a ƙafarsa, ba zai koma Agege da surutun da ya zo da shi ba.

Akwai kuma wata igiyar da ta ɗaure Badagiri da Arewa. Daga nan ne Bature Clapperton ya tashi cikin watan Disamba na 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Kano, ya nufi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, shi ma tsohon bawa ne da jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato a teku. Clapperton ya mutu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827, baransa Richard Lander ya komo da takardunsa ta wannan gari. Watau hanyar da motocinmu ke ci cikin kwana guda da yini, su wata goma suka yi a kanta kafin su ga Sakkwato. A bakin ruwan kuma ga gidan benen 'yan mishan na 1845, wanda mutanen garin ke alfahari da shi suna cewa shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakano ko Bakatsine da ya san soron bene na ƙasa da hasumiyar Gobarau zai yi murmushi, ya ce a dai ƙara da cewa irin na Turawa.

Yadda za a yi tafiyar ba wuya. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Zango, waɗanda ba su gaza tara kuɗin maulidi da na walimar sauka ba, ba za su gaza ɗaukar shatar mota guda su zuba yara da malamai biyu ba, a kuma tafi da iyaye mata, gama su ne suka fi kowa zama wuri guda. A aika wani tun kafin ranar ya tambayo kuɗin shiga da lokacin buɗewa, a yi cinikin kwalekwale da na mai jagora tun ba a shiga ba, kowa ya sa rigar kariya ta ruwa, babba kuma ya riƙe katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro sun yi yawa a hanyar iyaka. Daga Agege ta Iyana-Ipaja da Igando a ke bi a faɗa babban titin Badagiri a Iyana-Iba, kusa da Alaba Rago. A tashi da an sallame sallar asuba, a ɗauki guzuri da ruwan sha, a kuma juyo da an yi azahar. Wanda ya bari la'asar ta same shi a Badagiri, to, ya shirya yin sallar lisha cikin cunkoson motocin Iyana-Iba.